Ya yi wa Amurka yaƙi shekara bakwai, janar ya biyo shi kuɗin gona: zalunci ne ko doka?

Malamin Tarihi Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani mutum da labarinsa ya tsaya mini a rai, ina so mu tattauna a kansa. Sunansa Joseph Plumb Martin, ƙaramin soja ne a yaƙin da Amurka ta yi don ƙwatar kanta daga hannun Ingila. An haife shi a 1760 a Massachusetts. Mahaifinsa malamin coci ne mai ilimi amma ba abin hannu, don haka tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo wurin kakanninsa na wajen uwa a Milford, jihar Connecticut, manoma masu rufin asiri. A 1776 yana da shekara 15 ya shiga soja na wata shida. Ya dawo gida, a 1777 ya sake komawa, bai kuma fito ba sai da aka ƙare yaƙi a 1783, yana da igiyar saje.

Da aka sallame su ya ɗan taɓa koyarwa a jihar New York, sannan a 1784 ya nufi Maine, can ƙuryar arewa maso gabas, inda ya ji ana cewa ƙasa tana nan birjik. Ya sauka kusa da bakin kogin Penobscot, wurin da ya zama garin Prospect, ya yi sassabe, ya kama eka 100. A 1794 ya auri Lucy Clewley, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Ana nan sai Janar Henry Knox, wanda ya riƙe rundunar igwa a wannan yaƙi kuma ya zama sakataren yaƙi a gwamnatin George Washington, ya fito da takarda cewa yankin gaba ɗaya nasa ne. A 1797 aka yanke wa Martin dala 170 kuɗin gonar da ya share da hannunsa. Ya kasa biya. A 1801 ya rubuta wa Knox wasiƙa yana roƙon a ƙara masa lokaci. Zuwa 1811 rabin gonar ya tafi, zuwa 1818 ba shi da ko taku ɗaya.

Tambayata ita ce: wannan bawan Allah zaluntarsa aka yi, ko kuwa doka ce ta yi aikinta? In zalunci ne, a wuyan wa yake?

Bakatsiniya

Wa alaikumus salam Malam. Wannan ai ba ya buƙatar dogon nazari. Ka ba da ƙuruciyarka, wanda kuka sha wuya tare ya dawo yana bin ka bashin ƙasa? Zalunci ne tsagwaronsa.

Saje Mai Ritaya

Malam, kafin mu kai ga janar, ina albashinsa na shekara shida? Soja in an biya shi haƙƙinsa daidai, ba ya rasa kuɗin gona. A nan nake so a fara.

Malamin Tarihi Gusau

@Saje Mai Ritaya Ranka ya daɗe, ka taɓo inda ke ciwo. A takarda, albashin farabiti (ƙaramin soja) dala shida da sulusi biyu ne a wata, wato dala 80 a shekara. Ka ga ke nan albashin shekara biyu da 'yan watanni ya isa ya biya gonar nan gaba ɗaya. Amma da me ake biyansu? Da kuɗin takarda da majalisar ƙasa ke bugawa ba tare da zinariya ko azurfa a bayansa ba. Darajarsa ta yi ta zubewa har a 1780 majalisar da kanta ta ce dala 40 ta takarda ce daidai da dala ɗaya ta azurfa, a kasuwa kuwa abin ya fi haka muni. Martin ya rubuta tarihin zamansa a soja, aka buga a 1830 ba tare da sunansa a jiki ba, kuma a ciki ya ce tun bayan 1776 sau ɗaya tak ya riƙe tsabar kuɗi na gaske a matsayin albashi: na wata guda, a 1781, suna kan hanyar zuwa Yorktown, shi ma aro aka yi daga Faransawa.

Ga kuma yunwa. A Disamba 1777 majalisa ta ware ranar godiya ga Allah, abin da aka raba musu na biki shi ne shinkafa da ba ta wuce cokali huɗu ba da cokali ɗaya na ruwan khal. A hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown, sanyin da har tashar jiragen ruwan New York ta daskare, ya yi kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinsa sai ɓawon icce da ya gaigaya. Ya ga mutane suna gasa tsofaffin takalmansu suna ci. A watan Mayun 1780 rundunonin Connecticut suka yi bore saboda yunwa, yana cikinsu. Duk da haka bai gudu ba. A Oktoba 1781 yana cikin masu gatari da suka sare shingen itatuwa a gaban wata ganuwar Turawan Ingila a Yorktown da dare, kwana biyar kafin kwamandansu Janar Cornwallis ya miƙa wuya.

Ranar sallama kuwa, takardun shaidar bashi aka miƙa musu, cewa gwamnati za ta biya wata rana. Ya sayar da wasu ya sayi tufafin da zai shiga mutane da su.

Saje Mai Ritaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ni na sami amsata. Gwamnati ce ta fara cin amanarsa, janar daga baya ya zo. Wanda bai taɓa tsayawa layi yana jiran haƙƙinsa bayan ya tuɓe kaki ba, ba zai san zafin wannan ba.

Lauya Bazazzagi

Ku yi mini uzuri, zan ɗan saɓa wa @Bakatsiniya. Tausayi daban, hukunci daban. Knox bai ƙirƙiri takarda ba. Filin da ake magana, wanda ake kira Waldo Patent, asalin takardarsa tun 1630 take, kuma ya haura eka dubu 500. Matar Knox, ita ma sunanta Lucy, jikar Samuel Waldo ce, ta gaji wani kaso, shi kuma ya tattaro sauran daga hannun dangi da wajen gwanjo. Martin ya zo ya tarar da daji, bai tambayi mai shi ba ya sa gatari. Kuma ba Knox ne ya yanka farashi da bakinsa ba, kwamiti ne da hukumar Massachusetts ta naɗa, don a lokacin Maine tana ƙarƙashinta, sai 1820 ta zama jiha. Dala ɗaya da santi 70 kowace eka, a biya kashi-kashi, da kuɗi ko da amfanin gona. A idon kotu ba a kore shi ba, dama aka ba shi ya mallaka.

Bakatsiniya

Barista, kai ma ka san akwai abin da kotu za ta halatta amma mutumin kirki ba zai yi ba. Mai eka dubu 500 ya kasa yafe wa abokin yaƙinsa 100?

Ɗalibin Fiƙihu

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da ya kawo wannan. Abin da ya ja hankalina shi ne hujjar da manoman Maine suka riƙe ta yi kusa da abin da muke karantawa a babin raya mataccen fili. Hadisi ya zo cewa wanda ya raya ƙasa matacciya tasa ce. Su ma cewa suke yi: daji ba shi da daraja sai da gumin wanda ya share shi, don haka mai gumi ya fi mai takarda. Sai dai malamanmu sun sa sharaɗi. Dole filin ya kasance ba mallakar kowa ba ne. Imam Malik ya ce in yana kusa da gari sai da izinin shugaba, Abu Hanifa ya ce izini wajibi ne ko ina yake, Shafi'i bai sharɗanta ba. Don haka maganar ta koma kan takardar Knox: ingantacciya ce ko a'a? Amma batun albashi babu saɓani a kansa. An ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, shi kuwa wannan sai da gumin ya yi shekara 35 da bushewa aka tuna da shi.

Malamin Tarihi Gusau

@Lauya Bazazzagi akwai abin da ka tsallake. Surukin Knox, Thomas Flucker, babban sakataren gwamnatin Sarkin Ingila ne a Massachusetts, kuma ya bi sojojin Ingila ya gudu a 1776. Iyalan da ke da mafi yawan filin nan 'yan goyon bayan Sarki ne. Shi ya sa tsofaffin sojoji suka kwarara can da yaƙinin cewa ƙasar waɗanda aka ci da yaƙi ta koma ta jama'a. Ba wauta suka yi ba, kuma ba sata suka je yi ba. Abin da ya faru shi ne janar yana kusa da masu yanke hukunci, saje kuwa yana daji da gatari.

Uwar Tagwaye

Ina ta karantawa tun ɗazu, kowa na maganar maza. Malam ka ce Martin ya yi aure, to ina matarsa Lucy? Yarinya ce fa 'yar shekara 18 ta auri mutum mai shekara 33 da ya fito daga yaƙi ba ko sisi. Ɗansu na fari, mai sunan uban, an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa, bai taɓa iya riƙe kansa ba. Bayansa tagwaye maza, Nathan da Thomas, sannan James, sannan autarsu Susan. Duk macen da ta yi rainon tagwaye ga kuma yaro mai lalura ta san me nake nufi: ba dare ba rana. Ga tatsar shanu, ga kaɗa man shanu, ga kaɗi da saƙa don a lokacin tufafin gida a gida ake yinsu, ga sabulu da kyandir, ga lambun bayan ɗaki. Lokacin da mijin ya je neman fansho, a cikin bayaninsa ya ce matarsa ba ta da lafiya, ciwon sanyin ƙashi ya kama ta. Littafinsa kuwa na yaƙi ne, bai ba ta wuri a ciki ba. In za a lissafa waɗanda aka zalunta, a sa sunanta a sama.

Baƙon Portland

Hajiya kin yi gaskiya. Ni a Maine nake zaune, kuma wanda bai ga ƙasar nan ba zai ɗauka eka 100 dukiya ce. Daji ne na manyan itatuwa, ƙasa kuma cike da duwatsu. Duk shekara in ƙanƙara ta narke sai sabbin duwatsu su taso, shi ya sa har yau in ka shiga daji za ka ga katangun dutse da manoman da suka tara a gefen gonaki. Mutum ɗaya da gatari 'yan eka kaɗan zai iya sharewa a shekara. A sare, a bari ya bushe, a ƙone, a shuka masara da hatsin rai da dankalin Turawa a tsakanin kututture, don garma ba ta shiga sai saiwoyi sun ruɓe bayan shekaru. Lokacin noma gajere ne ƙwarai, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, sauran watanni dabba ba ta da abin ci sai busasshiyar ciyawar da ka yanka ka adana. Tsabar kuɗi kuwa ba ta yawo. Abin da ke kawo ɗan kuɗi shi ne itacen wuta da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Boston, da katako, da kifin kogi.

Game da matan wurin, akwai wata ungozoma a garin Hallowell, Martha Ballard, da ta riƙa rubuta abin da ta yi kullum daga 1785 zuwa 1812. Ta karɓi haihuwa 816, tana ƙetare kogin Kennebec a kwalekwale ko a kan ƙanƙara da tsakar dare. Daga rubutunta ake gane cewa mata ne ke riƙe da rabin tattalin gida, suna musayar zare da yadi da aikin 'ya'yansu mata a tsakaninsu. Mijinta ma'aunin fili ne na masu manyan takardu, kuma a 1795 manoma suka tare shi a daji da bindigogi suka lalata kayan awonsa. Abin ya kai haka zafi.

Manomin Funtuwa

@Baƙon Portland tsaya, hatsin rai kuma wane iri ne? Kuma wata huɗu ai mu ma daminarmu ke nan, ba mu mutu ba.

Baƙon Portland

Alhaji, wani hatsi ne dangin alkama da sha'ir, yana jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi, da shi da garin masara suke burodi. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne abin da ke biyo bayan girbi. A can in ba ka tara itacen ɗumama ɗaki na wata shida ba, iyalinka ba za su ga bazara ba. Kuma ka ƙara da 1816, shekarar da dutsen Tambora na Indunusiya da ya yi aman wuta a 1815 ya rufe hasken rana: dusar ƙanƙara ta zuba a watan Yuni, sanyi ya ƙone masara a Yuli da Agusta. Mutanen Maine da yawa suka tattara suka yi Ohio. Shekara biyu kafin nan, a 1814, sojojin Ingila sun dawo sun kama Castine da ke tsallaken ruwa da garin su Martin, suka haura kogin har Bangor. Ka ga a shekarun da gonarsa ke zagwanyewa masifu ne a jere.

Manomin Funtuwa

To na gane. Amma ni a matsayina na manomi, abin da ya kashe shi bashi ne mai wa'adi. Gona ba ta san wa'adi ba. Shekara ɗaya ta ƙi, kashi na biyu ya riske ka ba ka biya na farko ba, shi ke nan ka fara yanka gefen gona kana sayarwa. Na ga wannan da idona a wurin mutanen da suka karɓi taki bashi.

Jikan Makiyaya

Ni duk muhawarar nan akwai waɗanda ba a kira sunansu ba. Malam ya ce kogin Penobscot. Penobscot sunan mutane ne, su ne 'yan asalin wurin tun kafin wani Bature ya taka shi. Wa ya ba Turawan Ingila ikon rubuta takarda a 1630 a kan ƙasar da ba tasu ba? Kuma abin takaici, mutanen nan sun goyi bayan Amurkawa a yaƙin, shugabansu Joseph Orono ya bayyana haka tun 1775. Sakayyarsu ita ce yarjejeniyar 1796 da ta 1818 da suka raba su da yawancin ƙasarsu a bakin kogin, aka bar musu tsibirai da 'yan yankuna. Don haka @Ɗalibin Fiƙihu, filin nan ba matacce ba ne. Wurin farautarsu ne da kamun kifinsu. Wanda ba ya kafa garma ba shi ne marar ƙasa ba. Knox da Martin rigima suke a kan kayan wani.

Ɗalibin Fiƙihu

Wannan magana ce mai nauyi, kuma tana da gindi a fiƙihu, don makiyaya da wurin itace da mashayar mutane ba a lissafa su cikin mataccen fili. Sai dai ban yarda a haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Wanda ya kama abin da zai ci da iyalinsa da wanda ya kama rabin lardi ba su zama ɗaya ba.

Jikan Makiyaya

A wurin wanda aka raba da kogin kakanninsa, gatarin talaka da takardar janar abu ɗaya suka yi masa. Hasali ma eka 100 da majalisa ta yi wa kowane soja alkawari tun 1776, a ina aka yanka ta? A Ohio, ƙasar wasu ƙabilun. Jihar New York ma ta biya nata sojojin da ƙasar ƙabilun Iroquois, bayan Janar Sullivan na rundunar Amurka ya ƙone garuruwansu kusan 40 a 1779.

Abban Khadija

Ni fa na ɗauka Washington shi ma gona ya koma bayan yaƙi. Ashe ba dukansu suka wahala ba.

Malamin Tarihi Gusau

@Abban Khadija ya koma, ƙanena, amma gonar Mount Vernon ta kai eka 8,000, kuma lokacin da ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a cikinta. Wannan noma daban, na Martin daban. Ko alkawarin fili ma ba daidai aka yi ba: farabiti eka 100, kanar 500, manjo janar 1,100. Kuma ba a keɓe yankin sojoji a Ohio ba sai 1796, shekara 13 bayan yaƙi. Wa zai iya jira? Yawancinsu sun sayar da takardun filin da na bashin ga 'yan kasuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka zo 1790, sakataren kuɗi Alexander Hamilton ya sa gwamnati ta karɓi takardun bashin a kan cikakkiyar darajarsu, amma wanda takarda ke hannunsa a ranar shi ke da riba. Ɗan majalisa James Madison ya nemi a raba da sojojin da aka fara ba wa, majalisa ta ƙi.

Lauya Bazazzagi

Kuma Hamilton yana da hujja. In gwamnati ta ce takardar da ka saya da kuɗinka ba taka ba ce, gobe ba mai ba ta rance. Ba ina cewa ya yi daɗi ba ne.

Saje Mai Ritaya

Barista, hujjar mai ƙoshi ce. Ba wanda ya sayar da takardarsa don marmari. Malam, ba a sami waɗanda suka ce ba su yarda ba?

Malamin Tarihi Gusau

An samu. Daniel Shays kyaftin ne a yaƙin, manomi a Pelham da ke yammacin Massachusetts. Janar Lafayette, Bafaranshen da ya taya Amurka yaƙin, ya taɓa ba shi kyautar takobi, talauci ya sa ya sayar. A 1786 haraji da bashi suka sa kotuna na ƙwace gonaki, manoma suka fito suka hana kotuna zama. A Janairu 1787 suka tunkari rumbun makamai na Springfield, aka buɗe musu igwa, mutum huɗu suka mutu, aka tarwatsa sauran. An yi wa Shays afuwa a 1788, ya ƙare rayuwarsa a jihar New York cikin talauci, ya rasu a 1825. Tsoron wannan bore na cikin abin da ya sa manya suka taru a Philadelphia a 1787 suka rubuta tsarin mulkin da suke amfani da shi har yau. Knox na cikin waɗanda suka riƙa rubuta wa Washington wasiƙu suna zuzuta haɗarin.

Ɗan Zangon Kumasi

Wannan labari ya taɓa ni don mu a nan Gana mun san irinsa. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka yi tattaki a Accra don kai wa gwamna kukansu kan haƙƙoƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Kakana yana cikin waɗanda suka je Boma. Ya dawo da lambobi a ƙirji da tari a huhu, ya koma noman doya, kakata ce ta riƙe gidan da tuyar ƙosai. Har ya rasu yana ajiye da takardar sallamarsa a cikin gwangwani. Allah ya jiƙansu.

Uwar Tagwaye

Amin ya Allah. Ka ga abin da nake faɗa, ko'ina mace ce ke biyan sauran bashin.

Shugaban Zaure

Jama'a a yi haƙuri a dawo kan tambayar Malam. Kuma a ci gaba da girmama juna kamar yadda aka faro.

Bintu Damagaram

Malam, an ce Martin ya je neman fansho. Ya samu? Nawa ne?

Malamin Tarihi Gusau

Ya samu, 'yar'uwa. A 1818, zamanin Shugaba James Monroe wanda shi ma tsohon sojan yaƙin ne, aka yi dokar ba ƙananan sojoji dala takwas a wata, hafsoshi dala 20, ga wanda ya yi aƙalla wata tara a rundunar ƙasa kuma yake cikin buƙata. Wato dala 96 a shekara. Masu nema suka yi yawa fiye da yadda aka zata, sai a 1820 aka ƙara sharaɗi: dole ka je kotu ka lissafa duk abin da ka mallaka, ka rantse. Dattijo mai shekara kusan 60 ya tsaya gaban alƙali yana ƙirga saniya biyu, tumaki shida, alade ɗaya. Wannan ne abin da ya rage masa. Sai a 1832 aka cire sharaɗin talauci, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Amma kada a ɗauka ya mutu a wulaƙance. Mutanen garinsa sun san darajarsa. Sun zaɓe shi cikin masu gudanar da gari, ya yi alƙalin sulhu, ya riƙe magatakardan Prospect sama da shekara 20. Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1850 yana da shekara 89, Lucy ta rayu bayansa. Knox kuwa ya gina katafaren gida a Thomaston, ya shiga harkoki barkatai, ya rasu a 1806 bashi ya yi masa katutu, bayan ƙashin kaza ya maƙale masa.

Bakatsiniya

Allahu Akbar. Alhaki kwikwiyo ne.

Lauya Bazazzagi

Hajiya, a bar wa Allah hukuncin mutuwar mutum. Amma tunda an kawo 1806, ku lura: Knox ya rasu gonar Martin ba ta gama tafiya ba, ta ci gaba da raguwa bayansa. Ke nan ba mutum ɗaya ba ne, tsari ne. Kuma tsarin ya motsa. A 1808 Massachusetts ta yi dokar da ta ce wanda ya shekara shida a fili, in mai takarda zai tashe shi sai ya biya shi aikin da ya zuba, ko kuma ya sayar masa a farashin daji. Wannan amincewa ce cewa gumi yana da haƙƙi. Turjiyar manoman ce ta jawo ta.

Mai Nazarin Bayi

Kafin a rufe, a tuna akwai baƙaƙen fata kimanin 5,000 da suka yi wa Amurka wannan yaƙi. Ɗaya daga cikinsu, Jeffrey Brace, a Afirka ta Yamma aka haife shi, aka sace shi yana saurayi, ya yi bauta a Connecticut, jihar da Martin ya tashi. Ya shiga soja, ya sami 'yancinsa bayan yaƙi, ya tafi Vermont ya share gona. Maƙwabci ya riƙa sakar masa dabbobi a shuka don ya kore shi, aka kuma yi yunƙurin raba shi da 'ya'yansa a kai su aikatau. Ya makance a tsufansa, fanshonsa bai fito ba sai 1821. In Martin ya sha wuya da farar fatarsa da iliminsa, ku auna wannan.

Jikan Makiyaya

Na gode da wannan. Kullum in aka tona sai a tarar akwai wani a ƙarƙashin wanda ake tausayawa.

Saje Mai Ritaya

Duk na ji, kuma ban ƙi ta kowa ba. Amma ni har yanzu a kan gwamnati nake. Da an biya shi dala 80 ɗinsa na kowace shekara da kuɗin kirki, da ya miƙa wa janar 170 ya juya ya yi tafiyarsa, ko ma ya sayi gona a Connecticut kusa da kabarin kakanninsa bai je dajin kowa ba.

Ɗalibin Fiƙihu

Baba Saje, da an biya shi ma tambayar @Jikan Makiyaya tana nan, sai dai a ce wani ne zai sa gatarin ba shi ba.

Manomin Funtuwa

Barista, dokar nan ta 1808 da ka kawo, ta shafi wanda ya riga ya amince da farashin kwamiti tun 1797, ko sai wanda bai taɓa sa hannu a komai ba? Don in ta biyun ce, to wanda ya bi doka ya yi asara, wanda ya ɗauki bindiga ya tare ma'auni shi ya ci riba.